Maigida Ya Dawo Da Na'urar Numfashi Daga Asibiti: Yadda Za Ku Saba Da Ita

Na san ke kika fara lura tun kafin likita ya gani. Shekara da shekaru kina kwance kina jin minsharin maigida, har kika saba da ƙarar. Abin da kika kasa sabawa da shi shi ne shirun da ke biyo baya. Sai minsharin ya tsaya cak, ƙirjinsa yana motsi amma iska ba ta shiga, kina ƙirge a zuci har goma, har ashirin, sannan ya fizgo numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Gari ya waye ya ce kansa yana ciwo, rana ta yi yana gyangyaɗi a kanti ko a ofis, ranar Juma'a kuwa liman yana huɗuba shi yana barci.

Da ƙyar kika shawo kansa ya je asibiti. Aka yi masa gwajin barci, ya dawo da kwali ɗauke da na'ura da tiyo da takunkumi. Daren farko ya sa, bai yi awa ɗaya ba ya fizge ya ce, “Ni wannan abu shaƙe ni yake yi.” Dare na uku bai ko taɓa ta ba. In ba a yi wani abu ba, kwalin nan saman wadirob zai koma, kuɗin da aka kashe su tafi a banza, cutar kuma tana nan. A kan wannan gaɓa za mu tattauna yau, domin kusan duk abin da ke sa mutum ya jefar da na'urar nan yana da gyara.

Me ke faruwa a maƙogwaronsa?

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe da ganda duk suna saki. Ga yawancin mutane hanyar iska tana nan a buɗe duk da haka. Ga wasu kuwa sai ta matse ko ta rufe gaba ɗaya. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar numfashi ko raguwarsa sosai da ta kai daƙiƙa 10. Idan hakan ya faru sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya, lalurar mai sauƙi ce. Sau 15 zuwa 29 matsakaiciya ce. Sau 30 zuwa sama ta yi tsanani. Ki lissafa: mai sau 30 a awa, in ya kwanta awa 7, numfashinsa ya katse sau 210 kafin asuba.

Duk lokacin da hanyar ta rufe, iskar oksijin tana raguwa a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, zuciya ta buga da sauri, jini ya hau. Shi ya sa wannan lalura take tafiya tare da hawan jinin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari, da yawan tashi fitsari cikin dare. Ga wanda yake tuƙi kuwa, gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan hanyar Kano zuwa Kaduna ya isa ya mayar da yara marayu.

Ba shi kaɗai ba ne. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 a wata mujallar likitoci ta Lancet ya nuna kimanin mutum miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da wannan lalura. A wajenmu sau da yawa ana ɗora abin a kan dannau, ko gajiya, ko a ce a kai shi wajen wanzami a yanke beli. Yankan beli ba ya buɗe hanyar da take rufewa, kuma yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Abin da na'urar take yi

Sunanta CPAP. Wani likita ne mai suna Colin Sullivan ya ƙirƙiro ta a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya. A 1980 ya fara gwada ta da injin na'urar zuƙe ƙura da ya juya don ya riƙa hura iska, a 1981 kuma ya buga sakamakon marasa lafiya biyar. Tun daga nan ita ce babbar hanyar magance lalurar.

Aikinta mai sauƙin fahimta ne. Tana jawo iskar ɗakin, ta tace, ta tura ta cikin tiyo zuwa hanci da ɗan ƙarfi, sai iskar ta tokare maƙogwaro ya kasa rufewa. Ƙarfin yana tsakanin lamba 4 zuwa 20, kuma likita ne yake saita shi daidai da sakamakon gwajin.

Akwai tsoro biyu da ya kamata ki cire masa. Na farko, wannan ba tukunyar oksijin ba ce, ba kuma irin na'urar da ake jona wa wanda ya suma a asibiti ba ce. Shi yake numfashi da kansa, ita hanya kawai take buɗe masa. Na biyu, huhu ba ya lalacewa ko ya yi ƙiwa don an saba da ita. Kamar tabarau take: ranar da aka sa a gani, ranar da aka cire a koma yadda ake. Ma'ana dai, daren da bai sa ba, daren nan ba a yi magani ba.

Makon farko shi ne ginshiƙi

Masu bincike sun daɗe da lura cewa yadda mutum ya yi da na'urar a makon farko yakan nuna yadda zai yi da ita nan gaba. Don haka kada ki ce bari a ƙyale shi sai ya huce. Amma kuma kada a fara da dare, cikin duhu, yana a gajiye.

Ku fara da rana. Bayan La'asar, yana zaune yana sauraren rediyo ko yana duba waya, ya riƙe takunkumin a fuskarsa ba tare da an ɗaure ba, na minti biyar zuwa goma. Washegari a ɗaure, a kunna na'urar, ya zauna da ita minti 20 zuwa 30 idonsa biyu. Daga nan ya gwada ta a barcin rana. Jiki yana buƙatar ya gane cewa abin da ke fuskar nan ba maƙiyi ba ne.

In ya ce iskar ta yi masa yawa, ki duba littafin na'urar. Yawancinsu suna da maɓallin da ke sa iskar ta fara a hankali, ta riƙa ƙaruwa cikin minti 5 zuwa 45, yadda kafin ta kai cikakken ƙarfinta barci ya ɗauke shi. Da yawa kuma suna da saitin da ke rage ƙarfin a daidai lokacin fitar da numfashi. Wani kuma akasin haka ne, iskar farkon ce take yi masa kaɗan har ya ji kamar an toshe shi. Duka biyun a gaya wa likita ko wanda ya saita na'urar. Kada ku sauya lambar da kanku.

Ma'aunin da ake yawan amfani da shi shi ne aƙalla awa 4 a dare, a darare 7 cikin kowane 10. Wannan mafi ƙaranci ke nan, abin da ake so shi ne duk tsawon barcin. In ya yi awa biyu a daren farko, ki yaba masa. In kin farka kin ga ya cire cikin barci bai sani ba, ki tashe shi a hankali ya mayar. Sannu ba ta hana zuwa.

Yawancin rigimar daga takunkumi take

Takunkumin iri uku ne. Akwai mai 'yan robobi biyu da ke zama a ƙofar hanci, akwai mai rufe hanci kaɗai, akwai kuma mai rufe hanci da baki. Babu wanda ya fi wani, kowace fuska da nata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ki saurari ƙorafinsa da kyau kafin ku koma wajen likita.

In iska tana tsiyaya tana hura masa ido, kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara tamke maɗaurin. Tamkewa tana murƙushe robar, yoyon ya ƙaru, karan hanci ya yi gyambo. A sassauta, a ɗaga takunkumin kaɗan daga fuska a sake ajiye shi, kuma a yi gyaran yana kwance na'urar tana aiki, domin fuska a kwance daban take da fuska a zaune.

In maigida mai gemu da gashin baki ne, mai rufe hanci da baki zai riƙa yoyo. Ba sai an yi maganar aski ba, a nemi mai robobin ƙofar hanci, shi ba ruwansa da gemu. Irinsa ne kuma ya fi dacewa da wanda yake jin kamar an kulle shi a akurki.

Ya wanke fuska kafin ya kwanta, kada ya shafa basilin ko man kaɗanya a inda robar take zama. Maiƙo yana sa ta zamewa, yana kuma lalata ta. Za ki ga wasu ƙananan huji a jikin takunkumin da iska take fita ta cikinsu. Da gangan aka yi su, ta nan numfashin da ya fitar yake tafiya. Kada a liƙe su, kada bargo ya danne su. Wasu takunkuman kuma suna da maganaɗisu a maɗaurinsu, don haka in shi ko ke akwai wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, a sanar da likita kafin a yi amfani da irinsu.

Bushewar hanci da hunturu

Ƙorafi na biyu shi ne bushewar hanci da maƙogwaro, kuma a ƙasarmu abin ya fi tsanani daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hazo da ƙura. Don wannan aka yi ɗan mazubin ruwan da ke jikin na'urar, wanda yake ɗumama ruwa ya jiƙa iskar. A ƙara lambarsa da hunturu, a rage da damina. In kin ji ruwa yana ƙara a cikin tiyo ko yana ɗiga masa a fuska, danshin ya yi yawa. A rage, a ajiye na'urar a kan abin da bai kai tsayin gadon ba, amma ba a ƙasa cikin ƙura ba.

Ruwan da ya fi dacewa shi ne tataccen ruwa na tururi da ake sayarwa a manyan kantunan magani. In babu, a tafasa ruwa mai tsafta a bari ya huce, a zubar da ragowar kowace safiya, a wanke farin dattin da yake bari. Kada a sa ruwan batir na bakin hanya. Kada kuma a ɗiga turare ko man zafi ko man habbatus sauda a ciki, domin duk abin da ya shiga ruwan nan huhu za shi.

Ga wata da ta shafe mu kai tsaye: turaren wuta. Na'urar duk abin da ke cikin iskar ɗaki take zuƙa ta tura masa a hanci. Ki turara ɗakin tun da Magariba, hayaƙin ya fice kafin a kwanta. Haka maganin sauro na kunnawa da na fesawa. Gidan sauro ya fi, sai a zuro tiyon ta ƙarƙashinsa a cusa gefen da kyau.

In ya tashi bakinsa a bushe ƙamas, alama ce yana buɗe baki cikin barci iskar tana ficewa. Akwai maɗaurin haɓa da ake sawa, ko a koma takunkumi mai rufe baki. In kuma cikinsa yana kumbura yana yawan gyatsa da safe, iska yake haɗiya. Ya ɗaga kai da matashi, ya kwanta ta gefe, a kuma gaya wa likita ko zai rage ƙarfin.

In an ɗauke wuta fa?

Wannan ita ce tambayar da kowace mace take yi. Ba zai shaƙe ba. Mai takunkumin hanci bakinsa a buɗe yake, mai rufe hanci da baki kuma yana da wata 'yar ƙofa da take buɗewa da kanta idan iska ta tsaya. Yawanci farkawa zai yi, sai ya cire takunkumin, kada ya ci gaba da barci da shi na'ura a kashe.

Matsalar ita ce sauran daren ya tafi babu magani. Na'urar ba ta cin wuta sosai, in an kashe abin ɗumama ruwan ba ta wuce ƙaramar fanka ba, don haka ƙaramar inbata ko batirin sola yana iya kai ta asuba. Kafin ku saya, ku tafi da na'urar a gwada. In janareta za a tayar, a waje zai kwana, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Tsafta da sayen ta hannu

Kowace safiya a goge robar takunkumin da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi. Sau ɗaya a mako a wanke takunkumi da tiyo da mazubin ruwa da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Rana tana busar da robar ta tsage. Ban da bilic, ban da ruwan zafi mai ƙuna. A bayan na'urar akwai 'yar matata mai kama da auduga. Ki riƙa duba ta duk mako da hunturu, in ta yi baƙi a sauya. Robar takunkumi ma tana tsufa cikin 'yan watanni, in yoyo ya dawo bayan an daɗe lafiya, ita za a fara zargi.

Saboda tsada, wasu suna sayen na'urar da aka yi amfani da ita a waje, ko ɗan uwa ya aiko. A yi hattara. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa daga kasuwa, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya rududdugewa ya bi iska, kuma zafi da danshi suna ƙara saurin lalacewarsa. Duk na'urar hannu a kai wa likita ya duba irinta, ya sake saita ta daidai da maigida, a kuma sayi sabon takunkumi da tiyo da matata.

Ranar girki, tafiya da azumi

In kina da abokiyar zama, na'urar tana bin maigida ne duk ɗakin da zai kwana. A nan gidaje da yawa suke yin sake, sai ya zama yana samun magani kwana biyu, yana rasawa kwana biyu. Ki cire kishi a wannan, ki zauna da 'yar uwarki ki nuna mata yadda ake haɗawa da wankewa. Lafiyarsa rufin asirinku ce ku duka.

In tafiya ta kama, ko kasuwanci ko Umara ko aikin Hajji, na'urar a jakar hannu take tafiya, a zubar da ruwan cikinta kafin a ɗauka, a riƙe takardar likita. Yawancinsu suna karɓar wuta daga 100 zuwa 240, sai dai a nemi kan soket da ya dace. Da azumi kuma barci yana rarrabuwa. Ƙa'idar ɗaya ce: duk lokacin da zai kwanta, bayan Tarawihi ne, bayan Asuba ne, ko da hantsi, da ita zai kwanta.

Harshenki ma magani ne

Namiji ba ya son matarsa ta gan shi a matsayin majinyaci. Sau da yawa abin da yake kira shaƙewa kunya ce. Kada ki yi dariya a daren farko, ki kuma kwaɓi yara kada su mayar da abin wasa. Kada ki ba da labarinsa a gidan biki. Na'urar ba ta shiga tsakanin miji da mata, sai an gama hira da duk abin da ke tsakaninku ake sa ta, daidai lokacin da za a rufe ido.

Ki riƙa gaya masa abin da shi ba ya gani. “Abban Khadija, jiya ban ji minsharinka ba ko sau ɗaya.” “Ka lura sau ɗaya ka tashi fitsari?” Wasu suna jin sauyi tun daren farko, wasu sai bayan makonni. Yawancin na'urorin suna nuna awannin da aka yi da su a ɗan allonsu da safe, ku riƙa dubawa tare.

Ki taimaka ta ɓangaren tukunya ma. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2000 ya gano cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana tafiya da raguwar katsewar numfashi da kusan kashi 26 cikin 100. A rage tuwon dare mai nauyi da lemon kwalba, a ƙara tattaki. Ya guji maganin barci da kodin da tiramadol sai da izinin likita, domin suna ƙara sakin maƙogwaro. Kuma kada ya daina shan maganin hawan jini don ya samu na'ura, likita ne kaɗai zai rage masa.

In ke ce, ko ɗanki

Lalurar ba ta maza kaɗai ba ce. Tana ƙaruwa ga mata bayan ɗaukewar al'ada, da lokacin goyon ciki, da kuma idan jiki ya yi nauyi. Ga mace takan zo da gajiya marar dalili, da ciwon kai da safe, da rashin barci, da saurin fushi, sai a ce aikin gida ne. In ke aka ba na'urar, duk abin da muka faɗa naki ne, sai ƙari ɗaya: ki sa maɗaurin a kan hular barci marar santsi, kitso kuma ya zama kwantacce don kada ya ɗaga shi.

Yaron da yake minshari kullum, yana barci baki buɗe, yana fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya kasa natsuwa a aji, a kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ga yara yawanci kumburin ƙullutun maƙogwaro da na bayan hanci ne sanadi, kuma maganinsu daban yake da na manya. Kada a taɓa sa wa yaro na'urar babansa.

Yaushe za a koma asibiti?

Ku koma in bayan mako biyu zuwa huɗu har yanzu bai iya kai awa 4 ba, in yana minshari alhali na'urar tana kunne, in gyambo ya fito a hanci, in kunne yana ciwo ko hanci yana haɓo, ko in gyangyaɗin rana bai ragu ba duk da yana sawa. Ku tafi da na'urar da takunkumin gaba ɗaya. In ta ƙi duk da an yi iya ƙoƙari, akwai wasu hanyoyin, kamar abin da likitan haƙori yake ƙerawa mai turo muƙamuƙi gaba, ko tiyata ga wanda ta dace da shi. Har zuwa lokacin da barcin rana zai sake shi, a nema masa wanda zai riƙa tuƙa shi a doguwar tafiya.

Uwargida, yau da daddare ki sauko da kwalin nan, ki wanke takunkumin, ki zuba ruwa, ki ajiye a gefen gadonsa. Ki ce masa minti goma kawai kike roƙo. Allah Ya ba masu jinya lafiya, Ya ƙara mana zaman lafiya a gidajenmu, amin.